Na Zargi Ɗan Baffana Da Goge Muryar Mahaifina

Edita, sallama gare ka da masu bibiyar wannan shafi. A lokacin da abin da zan ba da labari ya faru ina da shekara talatin da shida, ina koyar da lissafi a wata sakandaren gwamnati da ke ƙasar Bunkure, ina kuma noma kamar kowane magidanci a garinmu: shinkafa da damina, alkama da tumatir da rani da ruwan kanal. Matata ɗaya, 'ya'yana huɗu. Da ka tambayi mutanen unguwarmu halina a wancan lokaci, da sun ce maka ni mutum ne da ba a yi wa wayo. Ni ma haka nake kallon kaina, har ina jin daɗi in an faɗa. In na sayi taki sai na zura hannu can ƙasan buhu na ji ko an cakuɗa shi da yashi. In bakanike zai gyara min babur a kansa nake tsayawa har ya gama, sannan in ce ya miƙo min tsohon ƙarfen da ya cire. Na ɗauka wannan shi ne hankali. Ban lura cewa na saba wa zuciyata da neman laifin mutum tun kafin ya aikata ba.

Mahaifinmu malami ne, shi ke yin tafsiri da azumi a masallacin unguwarmu, kamar yadda mahaifinsa ya yi kafin shi. A shekaru shidan ƙarshe na rayuwarsa ni nake ajiye waya a gabansa ina naɗar karatun, daga baya in juye a kwamfutata ta tafi-da-gidanka, wadda nake buga tambayoyin jarrabawa da ita. Da ciwo ya kwantar da shi sai na riƙa zama da shi a zaure da hantsi, ina jan sa da hira ina naɗa. Ya ba ni labarin yadda aka haƙa kanal yana saurayi, da yadda ma'aikata suka zo suka auna gonaki suka sake raba su, da yadda kakanmu ya tsaga tasa gonar biyu tsakanin mahaifina da wansa, wato baffana. Wayar da na yi naɗin da ita ta faɗa ruwa wata rana ina ban-ruwa, ba ta ƙara tashi ba. Don haka bayan rasuwarsa duk abin da ya rage na muryarsa a duniya yana cikin kwamfutar nan. Duk ranar Juma'a in na dawo daga masallaci mahaifiyata kan ce in kunna mata Malam, ta zauna a tabarma tana gyaran wake ko tsinkar zogale tana saurare.

Baffan nan nawa shi ma ya rasu, shekara guda bayan mahaifinmu. Da iyayen suka kau sai magana ta taso a kan wata ƙaramar magudanar ruwa da ta ratsa tsakanin gonakin biyu, da kunya huɗu da ke gefenta. Babban ɗan baffana ya ce nasu ne, ni na ce namu ne. Ba a yi faɗa ba, amma gaisuwa ta yi sanyi, matanmu suka rage shiga gidajen juna. Ƙaramin baffanmu, wanda shi kaɗai ya rage cikin iyayenmu maza, ya ce a bari a yanke alkama, zai tara mu a zaurensa a kashe maganar. Ni kuwa na riga na faɗa a majalisa, ba sau ɗaya ba, cewa ina da muryar mahaifina yana bayanin iyakar da bakinsa, kuma ranar zama zan kunna kowa ya ji.

Ana cikin haka kwamfutar ta fara ciwo. Sai ta yi minti goma ba ta gama buɗewa ba, kana jin wani ƙas-ƙas daga cikinta. A duk yankinmu mutum ɗaya na sani da ya iya gyaran kwamfuta sosai, shi ne ƙanin wancan da muke taƙaddama da shi, ɗan baffana ƙarami, mai shago a bakin titi a Kura. Na girme shi da shekara bakwai, Yaya yake ce min, kuma bai taɓa sa baki a maganar gona ba. Na yi kwana uku ina juya abin a raina kafin na kai masa. Da ya saurari ƙarar sai ya ce faifan da ke ajiye bayanai ne yake mutuwa, in ba a yi sauri ba zai tafi da duk abin da ke cikinsa. Ya ba ni shawarar in sa sabon faifai irin na yanzu da suke kira es-es-di, wanda ba shi da abin da ke juyawa a ciki, ya fi sauri nesa ba kusa ba. Ni da kaina na shiga Kano na sayo mai gig ɗari biyar da sha biyu, don ban yarda in ba shi ya sayo min ba. Na kawo masa a kwalinsa, na gaya masa a kwashe komai da komai a mayar cikin sabon, a sa mata sabon windo, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya. Na jaddada masa maganar foldar mahaifina har sau biyu. Ya ce in kwantar da hankalina, mahaifina ai shi ma ubansa ne.

Ya ce in ba shi kwana uku. A rana ta uku shugaban makarantarmu ya matsa a miƙa tambayoyin jarrabawa, sai na hau babur na tafi Kura bayan azahar. Na tarar da shagon a kulle. Telan da ke maƙwabtaka da shi, wanda yake bar wa makulli in zai fita, ya ce ya shiga Kano sayen kaya, kuma ya bar saƙo cewa in na zo in jira shi ko in dawo gobe, akwai abin da zai nuna min kafin in tafi da ita. Wannan magana ba ta kwanta min ba. Na ce wa telan kwamfutata ce, aiki ne da ni, ya buɗe ya ba ni. Ya buɗe. Kwamfutar na kan tebur an goge ta tas, an naɗe cajarta. Na duba kan teburin da cikin aljihun teburin ina neman tsohon faifaina, babu shi. Tun a kan babur, kafin in iso gida, na fara tambayar kaina abin da mutum zai yi da faifan da ya ce da bakinsa ya mutu.

Da na kunna ta a gida, kafin in gyara zama ta buɗe. Na ji daɗin wannan, amma daɗin bai kai minti ɗaya ba. Na shiga inda ake ganin ma'ajiyar kwamfuta, sai na ga faifai guda ɗaya, girmansa gig ɗari da hamsin. Ni da na sayo ɗari biyar da wani abu. Na buɗe shi, babu foldar mahaifina, babu hotunan iyalina, babu tsofaffin tambayoyina. Na buga sunan foldar a wurin nema, ba ta fito ba. Na kashe na sake kunnawa, haka dai. Na zauna ina kallon allon, kuma maimakon in ɗauki waya in tambaye shi, sai lissafi ya fara haɗuwa a kaina da kansa. Saura mako uku a zauna maganar gona. Kowa ya san hujjata tana cikin kwamfutar nan. Na miƙa ta da hannuna ga ƙanin abokin taƙaddamata. Yanzu hujjar ta ɓace, tsohon faifan ya ɓace, sabon ya koma ƙarami, shi kuma mai gyaran ya zaɓi ranar da zan zo ya bar gari.

Da yamma ya kira ni sau biyu, ban ɗauka ba. Sai ya turo saƙon murya mai tsawon minti biyu da wani abu. Na kalli saƙon na ce a raina ai dole, an zauna an tsara abin da za a gaya min. Na yanke shawarar ba zan saurara ba, don kada daɗin bakinsa ya karya min zuciya, kuma kada ya gane na farga. Washegari a ɗakin malamai na ba wani abokin aikina labari, malamin kimiyya da muke ganin ya san kan kwamfuta. Bai san ɗan baffana ba, bai taɓa ganinsa ba, amma nan take ya ce ai halin masu gyara ke nan: ko su musanya maka sabon kaya da ƙarami, ko su kulle wani ɓangare su ɓoye. Ya ƙara da cewa akwai manhajar da ake dasa wa mutum a kwamfuta ta riƙa aika duk abin da ya rubuta zuwa wani wuri. Wannan ta ƙarshe ita ta fi shiga raina, domin a lokacin ina shirin rubuta bayanin da zan karanta ranar zama. Ya ce maganin abin ɗaya ne, a share faifan tas a sake sa windo daga farko, kuma yana da filashin da ake yi da shi.

Kwanakin da suka biyo baya na zama mai gadi a kan ɗan'uwana. Na bi ta gaban shagonsa ranar kasuwa ba tare da na tsaya ba, na hango wansa zaune a benci suna magana, na ce to ga shi nan. Ban tuna cewa wa da ƙane ne, kullum ma suna zama ba. A wurin wani ɗaurin aure ya taho da fara'a ya miƙo min hannu biyu, ya tambaye ni ko na saurari saƙonsa. Na ce masa zan saurara, na juya na kama magana da wani. Fara'ar tasa ma sai na ga kamar ta yi yawa. Ya zo gida sau ɗaya da la'asar, na ce wa maiɗakina ta aika a ce ina gona, alhali ina ɗaki ina jin tashin babur ɗinsa. Da ta shigo ta ce ya bar sallahu cewa don Allah in saurari saƙon, ko in kawo kwamfutar minti biyar kawai. Ta kuma ce min, a hankali, ita dai ba ta ga alamar rashin gaskiya a tare da shi ba, me zai hana in tambaye shi kai tsaye. Na ce mata ba ta san mutane ba. Mahaifiyata kuwa da Juma'a ta zo na ce mata kwamfutar ba ta gama warkewa ba.

Ranar wata Asabar da hantsi na karɓo filashin, na zauna a zaure ni kaɗai, na jingina wayata da bango ina kallon bidiyon yadda ake yi. Komai ya tafi daidai har na iso inda ake tambayar a wane ɓangaren faifai za a sa windo. A nan na ga jeri huɗu. Biyu ƙanana ne ƙwarai, ɗaya shi ne mai ɗari da hamsin ɗin da na sani, na huɗun kuwa babba ne, gig ɗari uku da ashirin da wani abu, ba shi da suna. Sai wani irin daɗi ya kama ni, daɗin wanda ya kama ɓarawo. Na ce ga inda aka ɓoye min haƙƙina. A gefen kowane jeri akwai lamba biyu, girmansa da kuma filin da ya rage a cikinsa. Na lura sarai cewa lambobin babban ɓangaren ba ɗaya ba ne, akwai abin da ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku nasa. Ni malamin lissafi ne, na ga wannan bambanci da idona. Amma zuciyar da ta riga ta yanke hukunci sai ta fassara min shi da cewa wannan ita ce manhajar leƙen asirin, ko kuma kayansa ne ya ajiye a faifaina. Na zaɓi jerin na danna gogewa. Kwamfutar ta fito da gargaɗi cewa wataƙila akwai muhimman abubuwa a ɓangaren, in aka goge sun tafi. Na karanta, na danna na yarda. Na bi sauran ukun na goge, faifan ya koma fili guda, na sa windo a kansa.

Da ta gama ta buɗe, sai ga faifai guda mai gig ɗari huɗu da saba'in da shida. Abokin aikina ya riga ya gaya min haka mai ɗari biyar da sha biyu yake nunawa. Ke nan ba a musanya min kaya ba, faifan da na sayo ne a ciki. A nan wani abu ya ɗan taɓa ni, na ji kamar in buɗe saƙon nan. Har na ɗauko wayar. Sai na ce a raina rashin satar faifai ba ya wanke shi daga goge foldar, ai dama foldar ce abin nema. Na ajiye wayar. Kwana goma na yi ina aiki da kwamfutar, na cika ta da takardun makaranta da bidiyoyin darasi da na kwaso wurin abokin aikina, na rubuta bayanin gona shafi uku, ina jin cewa yanzu babu mai leƙa ni.

Ranar zama muka taru a zauren ƙaramin baffanmu bayan sallar la'asar, mu wajen goma sha biyu, har da limamin unguwa da wani dattijo da gonarsa ke maƙwabtaka da tamu. Da aka zo kaina baffa ya ce to, ina muryar da ake ta faɗa, a kunna. Na miƙe tsaye, abin da ba a yi a irin wannan zama, na ce babu murya, an goge ta, kuma wanda ya goge ta yana zaune a nan. Na nuna ɗan baffana ƙarami da yatsa. Na faɗi maganar tsohon faifai, da ranar da ya bar gari, da ɓangaren da ya ɓoye. Na ce an yi amfani da sana'a an ci amanar mamaci. Wansa ya yunƙura zai tashi, shi ƙanin ya dafa masa gwiwa. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ba abin da ya ɓata. Faifan na raba biyu, ɗaya na windo, ɗaya na kayanka, don ko windo ya lalace kayan Baba suna nan. Na ɓoye na biyun ne saboda ka taɓa gaya min yara sun goge maka folda. A ɗauko kwamfutar, yanzu zan buɗe a gaban kowa."

Ni na je na ɗauko ta da ƙafata. Tsakanin gidana da zauren ba nisa, amma ban taɓa yin tafiya mai nauyin wannan ba, domin tun yana magana na san abin da na yi. Duk da haka ina tafe ina roƙon Allah ya sa ƙarya yake yi. Ka ji inda zargi ya kai ni: na fi son ɗan'uwana ya zama maci amana da in zama ni ne mai laifi. Ya karɓa ya ɗora a cinya, dattawa suka matso. Ya danna nan ya danna can, sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ɗago ya ce, "Yaya, wa ya taɓa ta bayan ni?" Ya sake duban allon. Ya ce, "An sake mata windo. Wa ka kai wa?" Na ce ni ne. Ya ce, "Babban ɓangaren fa?" Na ce na goge. Ya tambaye ni kwana nawa, na ce goma. Ya rufe kwamfutar a hankali, ya yi salati, ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idonsa ya kawo ruwa, kuma ba don abin da na faɗa a kansa ba ne. Ya ce kwana biyu ya yi yana lallaɓa tsohon faifan, yana kwasa kaɗan-kaɗan, in ya yi zafi ya sa shi gaban fanka ya huce, har ya samu ya fitar da komai kafin ya mutu gaba ɗaya. Ya tafi da shi Kano ranar nan ne ko wani zai iya tayar da shi a sami kwafi na biyu. Baffa ya tambaye shi ko ya ajiye kwafi a tasa kwamfutar. Ya ce a'a, ba ya ajiye kayan mutane a wurinsa, ko buɗe su ba ya yi.

Ba a yi maganar gona a ranar ba. Da na koma gida na shiga ɗaki na buɗe saƙon da ya kwana ashirin yana jira a wayata. Duk abin da ya faɗa a zaure yana ciki. Ya yi bayanin yadda ya raba faifan, ya faɗa min inda zan danna ɓangaren ya bayyana in ba zan iya jiran sa ba, ya ce tsohon faifan yana hannunsa zai dawo min da shi. A ƙarshe ya ce in samu filashi babba ya juye min karatun Baba a ciki, don bai kamata abu irin wannan ya zauna a wuri ɗaya ba. Minti biyu da daƙiƙa kaɗan.

Washegari da sassafe shi ya zo ƙofar gidana, ya ce in kashe kwamfutar kada in ƙara kunna ta, mu tafi Kano. Muka shiga mota ɗaya muka tafi. Mun zaga wurin masu gyara huɗu, duk waɗanda ya sani ne, yana gabatar da ni a matsayin wansa. Amsarsu ɗaya ce. Da tsohon faifai mai juyawa ne, in an goge abu sau da yawa sawunsa yana nan, ana iya tono shi. Shi wannan sabon, in aka ce masa an goge, da kansa yake bi yana share wurin don ya ci gaba da sauri, balle an ɗora sabon windo an yi kwana goma ana zuba kaya a kai. Ɗaya daga cikinsu ya riƙe faifan kwana biyu, ya fito da wasu hotuna da suka yayyage da sunayen fayil da babu komai a cikinsu. Tsohon faifan kuwa ko motsi bai ƙara yi ba.

Maganar gona da na ɗauka ita ce duniya, bayan mako guda baffa da dattijon nan suka taka zuwa bakin magudanar, dattijon ya nuna inda ya san iyakar tun yana yaro, aka raba kunya huɗun biyu-biyu, aka ce ruwa na kowa ne. Ba a yi rabin awa ba. Abin da ya fi min wuya shi ne gaya wa mahaifiyata. Ta riga ta ji a bakin mata, amma ta bar ni na faɗa da bakina har na gama. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce Malam ya riga ya tafi, muryar dama aro ce. Sannan ta ce abin da ya dame ta shi ne yaron da na tozarta a gaban iyayensa, in tashi in je in ba shi haƙuri tun rana ba ta faɗi ba.

Na je. Na same shi a shago yana kwance wata kwamfuta, na durƙusa a gabansa duk da na girme shi, telan nan yana kallo. Ya kama ni ya tayar, ya ce ya yafe, kuma na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Amma magana ta riga ta fita. Kashi na farko na labarin, cewa mai gyaran Kura yana goge wa mutane kaya yana ɓoye musu faifai, ya riga kashi na biyu isa ko'ina. Malaman makarantu da ma'aikatan ƙaramar hukuma da ke kawo masa aiki suka fara wucewa Kano. Na bi majalisu ina warware abin da na ƙulla, na tsaya a ɗakin malamai na faɗi laifina, har a masallaci na nemi liman ya ba ni dama bayan sallah na yi bayani. Wasu suka ce dattako ne, rufa wa ɗan'uwana asiri nake yi. Kafin shekara ta zagayo ya rufe shagon ya koma Dawakin Kudu, inda yake shiga Kano aiki kullum. Muna gaisawa, yana zuwa suna da ta'aziyya, har yanzu Yaya yake ce min. Sai dai in muna zaune na kan lura yana auna kowace kalma kafin ya faɗa min, kuma ni na koya masa haka.

Na rubuto ne don masu hali irin nawa, kuma na san muna da yawa. Ta fuskar kwamfuta darasin gajere ne. In za ka sa windo ka ga jerin ɓangarorin faifai, kada ka goge wanda ba ka san abin da ke cikinsa ba, musamman in ka ga lambobinsa sun nuna akwai kaya. Rashin ganin abu a allo ba ya nufin babu shi. Abin da ba za ka iya sake samu ba, ka ajiye shi a wuri biyu ko uku tun yau, kuma in mai gyara ya ce ka jira ya nuna maka wani abu, ka jira. Amma ni ba jahilcin kwamfuta ne ya cuce ni ba. Sau biyar aka miƙo min gaskiya: a bakin tela, a saƙon waya, a wurin ɗaurin aure, a bakin matata, har kwamfutar kanta ta yi min gargaɗi. Kowanne na mayar da shi ƙarin hujja a kan mutumin da ya kwana biyu yana ceto min abin da na fi so. In zuciyarka ta fara haɗa maka lissafi a kan wani, komai ya riƙa dacewa da komai ba tare da ka tambaye shi ko kalma ɗaya ba, to ka ji tsoron wannan dacewar. Ka je ka same shi ka tambaya, ka kuma tsaya ka ji amsar. Ƙaramar 'yata an haife ta bayan rasuwar kakanta, kwanakin baya ta tambaye ni yaya muryarsa take. Na buɗe baki zan kwatanta mata, na ga ni ma ta fara ɓace min.